Aiken da Ya Kuɓuce da Masu Yi wa Wasa Kwaskwarima

A shekarar 2006 kamfanin Square Enix na ƙasar Japan ya fitar da wani wasan bidiyo mai suna Final Fantasy XII. A cikin wasan akwai wani mashi da ya fi kowane makami ƙarfi, an ɓoye shi a wani kango can cikin tafiya. Sai dai maƙeran wasan sun ɗaura wa mashin wani sharaɗi da ba su faɗa a cikin wasan ba. Akwai wurare huɗu da aka ajiye akwatunan dukiya waɗanda ba su da wata alama da ta raba su da sauran ɗimbin akwatunan da ke warwatse a wasan, kuma duk wanda ya buɗe su, mashin ya bar wurinsa ke nan. Ɗaya daga cikin akwatunan yana ƙofar gidan wani tsoho mai suna Dalan, a farkon tafiya, lokacin da mai wasa bai ma gama sanin hannunsa na dama ba. Wasan da kansa ne ya koya maka cewa buɗe akwati alheri ne. Ka buɗe, ka wuce, sai bayan gomman sa'o'i ka isa kangon ka tarar wayam. Da kamfanin ya sake fitar da wasan a 2017 da sunan The Zodiac Age, wannan tarko babu shi.

Na san wani mai karatu zai ce me ya haɗa malamin jami'a da gem, ana fama da tsadar rayuwa. Amsata ita ce aikina karatun labari ne da yadda ake gina shi, kuma a wannan zamani wani kaso mai tsoka na ƙirƙirarren labari a duniya ba a takarda yake ba, ba kuma a fim ba. Wasan Skyrim kaɗai an sayar da kwafi fiye da miliyan 60, kamar yadda kamfaninsa ya bayyana a 2023. Ɗalibanmu suna cikin masu buga irinsa a kwamfutocin da aka saya musu don rubuta aikin kammala digiri. Idan muka ƙi duba abin da suke karantawa don kawai ba shi da bango da shafuka, mu ne da asara.

Irin wasan da nake magana a kai shi ne wanda zan kira wasan shiga riga. Ba kamar ƙwallon da ake bugawa a gidajen gem na unguwa ba ne, wanda ake tashi bayan minti goma. A nan mai wasa yana shiga rigar wani mutum ne, jarumi ko matsafi ko ɓarawo, ya rayu a wata ƙirƙirarriyar duniya tsawon sa'o'i hamsin, ɗari, ko fiye. Ginshiƙin wasan shi ne aike. Akwai babban aike, wanda shi ne ƙashin bayan labarin, akwai kuma ƙananan aike-aike da mutanen gari ke ɗora maka: wannan ɗansa ya ɓata, waccan ana bin mijinta bashi, wancan yana son a kai wasiƙa. Waɗannan ƙananan su ne gishirin miyar, kuma su ne ke kuɓucewa. Ka tsallaka wani kogi, ko wani mutum ya mutu, ko ka furta wata kalma, sai ƙofa ta rufe a bayanka. Daga nan sai tambayar da ta cika bakin masu wasa ko'ina: na rasa aiken wane, ko akwai yadda zan dawo da shi?

Kafin a ba da amsa ya kamata a tambayi mai tambayar wane ne ya rufe ƙofar, domin ba duk rashi ne iri ɗaya ba.

Mu ɗauki Mass Effect 2, wanda kamfanin BioWare na Kanada ya fitar a 2010. Kana jagorantar wani jirgin sararin samaniya, kana ta tara mayaƙa, kowannensu da tasa matsalar da yake so ka warware masa. Gab da ƙarshe sai abokan gaba su afka wa jirgin ba ka nan, su kwashe ma'aikatansa. Wasan ya bar ka da zaɓi. In ka bi sawunsu nan take, kana iya ceto su duka, amma duk aiken da ba ka gama ba za ka shiga yaƙin ƙarshe ba tare da amfaninsa ba. In ka ɗan tsaya ka ƙarasa wasu ayyuka, za ka tarar rabinsu sun mutu, har ka ga mutuwar wata da ka saba da ita da idonka. In kuwa ka yi jinkiri mai yawa, likitar jirgin kaɗai za ka samu da rai. Abin da ya sa wannan wuri yake girgiza mutane shi ne wasanni sun daɗe suna koya mana ƙarya. Sun saba ce mana duniya na gab da halaka, ka yi sauri, alhali kana iya tafiya kamun kifi na wata guda ka dawo ka tarar dodon yana nan yana jiranka. Mass Effect 2 ya ce gaggawa, kuma da gaske yake. Wanda ya rasa mutanensa a nan ba a zalunce shi ba. An faɗa masa an sace su, kowa kuma ya san abin da sata ke nufi. Hukuncin ya fito ne daga cikin hankalin labarin.

To ka ga bambancinsa da mashin nan. Babu wani hankali, na labari ko na rayuwa, da ya haɗa akwatin ƙofar gidan tsoho da makamin da ke wani kango mai nisa. Wancan sakamako ne, wannan kuwa mugunta ce kawai, ko kuma in an kyautata zato, wasa da hankalin mutane.

The Witcher 3, na kamfanin CD Projekt Red da ke Folan, wanda ya fito a 2015, ya fi kowa iya rufe ƙofa cikin ladabi. Kafin jarumin, Geralt, ya shiga jirgin ruwa zuwa wani tsibiri mai hazo, wasan yana dakatar da kai ya gargaɗe ka cewa ka iso mararraba, ka adana wasanka. In ka wuce, wasu aike-aiken da ka bari a baya sai a yi musu jan rubutu: sun faɗi. Akwai kuma mata biyu a rayuwar Geralt, Triss da Yennefer, kuma wanda ya yi wayo ya furta wa kowacce ƙauna, ƙarshenta duk biyun yake rasawa. A ƙasarsu ba a san zaman kishiya ba, don haka taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda makomar Ciri, yarinyar da ya riƙa tamkar 'yarsa, ta rataya a kan wasu ƙananan abubuwa da ba a yi musu shela ba: ko ka yi wasan jifa da ƙanƙara da ita ranar da take cikin baƙin ciki, ko ka raka ta kabarin wanda ya taimake ta, ko ka bar ta ta shiga wani taro ita kaɗai don ta tsaya da ƙafarta. A ɓoye suke, gaskiya ne, amma ba irin ɓoyon akwatin Dalan ba. Duk uban da ya san tarbiyya zai gane dalilin da ya sa suka yi nauyi.

Ra'ayina a nan a fili yake. Aiken da ya kuɓuce maka saboda zaɓin da ka yi, ko saboda ka fifita wani abu a kansa, bai ɓata ba, yana cikin labarinka a matsayin abin da ba ka yi ba. Labarin da kowace ƙofarsa take buɗe har abada ba labari ba ne, kanti ne. Kamfanin Bethesda da kansa ya taɓa fahimtar haka. A wasansa Morrowind na 2002 kana iya kashe kowa, har mutumin da babban aike ya dogara da shi. In ka yi haka sai rubutu ya bayyana ya sanar da kai cewa ka tsinke zaren labarin, ko dai ka koma ajiyarka ta baya, ko ka ci gaba da zama a duniyar da ka lalata da hannunka. Shekara tara bayan haka, a Skyrim, irin waɗannan mutane marasa mutuwa ne. Ka sare su da gatari su durƙusa, su huta, su miƙe su ci gaba da yi maka bayani. An kare mai wasa daga rashi, amma an rage wa takobinsa nauyi.

Ba kuma ina nufin duk mai tsanani yana da gaskiya ba. Elden Ring na kamfanin FromSoftware, wanda ya fito a watan Fabrairun 2022, ba shi da littafin da ke lissafa maka aike-aikenka, kuma yana adana kowane motsinka da kansa, ba komawa baya. Mutum zai yi maka magana cikin habaici sau ɗaya, ya tashi daga inda ka san shi ya koma wani lungu a wata nahiya, kai kuma ba ka da labari. Masoya wasan suna kiran wannan girmama hankalin mai wasa. Ni ina ganin rabinsa girmamawa ne, rabinsa ko-in-kula. Kamfanin ma ya ɗan sassauta, domin wata guda bayan fitowar wasan ya ƙara alamomi a taswira masu nuna inda ka haɗu da mutane. Magidanci da ke samun sa'a biyu a daren Asabar, in an kawo wuta, ba zai tuna abin da wata matsafiya ta raɗa masa makonni uku da suka wuce ba.

Tsoron rashi ya haifar da wata ɗabi'a da nake ganin ta fi rashin muni. Mutum zai zauna da wasa a gabansa, waya a hannunsa, yana karanta jagorar da wani ya rubuta: je nan, ce kaza, kada ka buɗe wancan. Bai rasa aike ko ɗaya ba, amma bai yanke shawara ko ɗaya ba. Ya zama ɗan aiken mai jagora. Wannan hoton na san shi sarai a aji. Shi ne ɗalibin da zai zo jarrabawar adabi ya haddace sunan kowane tauraro da jigon kowane babi daga taƙaitaccen bayanin da ya saya a bakin ƙofar makaranta, amma bai taɓa jin zuciyarsa ta buga ba saboda halin da wani ya shiga a littafin. Yakan ci jarrabawa, ba na musu.

Sai kuma rashin da ba zaɓinka ba ne, ba kuma nufin marubuci ba ne, tangarɗar manhaja ce tsagwaronta. Skyrim, wanda ya fito ranar 11 ga Nuwamba 2011, ya yi suna a wannan fage. Akwai wani aike na binciken kisan kai a birnin Windhelm wanda ya shahara da maƙalewa: ko ya ƙi farawa, ko ya tsaya a tsakiya, alhali mallakar gida a birnin tana da alaƙa da shi. Mai wasa a kwamfuta yana da mafita, domin kamfanin ya bar wata taga da ake buɗewa a rubuta wa wasan umarni kai tsaye. Kowane aike yana da lambar shaida, kuma an yanka shi matakai masu lamba, goma, ashirin, talatin, haka. Da umarnin da ake kira setstage kana iya ce wa wasan ya ɗauka cewa aike kaza ya kai mataki kaza. Sau da yawa hakan na warware matsala. Amma a sani cewa mataki ba lamba ba ce kawai. A tsakanin mataki da mataki ne ake buɗe wata ƙofa, a tura wani mutum wani gari, a sa wata takarda a aljihun wata gawa. In ka tsallake, littafinka zai ce an yi, duniya kuma ta ce ba a yi ba. Sai ka je inda aka ce ka sami mutum ka tarar babu shi, kuma ba za ka gano ɓarnar ba sai bayan kwanaki, lokacin da ajiyarka mai lafiya ta riga ta shafe. Garin neman gira a rasa ido. Wanda zai taɓa wannan taga ya fara yin sabuwar ajiya daban, ya matsa mataki ɗaya tak, ya duba ko abubuwa sun daidaita kafin ya ƙara. Wanda ke wasa a PlayStation ko Xbox kuwa ba shi da tagar, sai dai ya riƙa yawaita ajiya a gurabe daban-daban, musamman kafin duk wata tafiya da ta yi kama da wadda ba a dawowa.

A nan ne masu kwaskwarima suke shigowa. Kalmar da ake amfani da ita a duniyar wasanni ita ce mod, kuma dole in tsaya in raba ta da abin da matasanmu suka fi sani da wannan suna, wato manhajar waya da aka fasa don a sami kuɗin wasa marasa iyaka, ko irin su GBWhatsApp. Wancan fashi ne da aka yi wa kwalliya. Abin da nake nufi shi ne ƙari ko gyara da masu son wasa suke rubutawa da hannunsu, galibi kyauta, sau da yawa ma da kayan aikin da kamfanin ya raba da kansa, su ɗora a rumbuna irin su Nexus Mods don kowa ya sauke. Wani ya gyara tangarɗa, wani ya ƙawata hoto, wani ya gina sabon gari da mutanensa da aike-aikensa.

Mafi daraja a wurina su ne masu faci. A 2004 aka fitar da Knights of the Old Republic II cikin gaggawa don ya riski kasuwar ƙarshen shekara. Kamfanin Obsidian bai gama shi ba. Ƙarshen labarin ya zo a guntule, mutanen da ka yi tafiya da su suka ɓace ba bayani. Amma muryoyin da aka naɗa da rubutun da aka yi na sassan da aka yanke suna nan kwance cikin fayilolin wasan, ba a dai haɗa su ba. Wasu masoya suka yi shekaru suna tono su suna ɗinkewa, har suka fitar da facinsu a 2009, suka ci gaba da inganta shi. A nan aiken ya kuɓuce wa duniya ne baki ɗaya, har da waɗanda suka rubuta shi. Haka ma wasan Bloodlines na kamfanin Troika, wanda shi ma ya fito a 2004 cike da tangarɗa, kamfanin kuma ya rushe a farkon 2005. Wani masanin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Munik ta Jamus, Werner Spahl, shi ya ɗauki marayan ya yi ta masa faci shekara da shekaru, har kantin GOG ya riƙa sayar da wasan haɗe da facinsa.

Wani abu da Spahl ya yi ya cancanci a tsaya a kansa. Ya raba facinsa gida biyu: ɗaya gyaran kurakurai kawai, ɗaya kuma mai dawo da abin da aka yanke da sauye-sauyen da shi yake ganin sun dace. Mai saukewa ya zaɓa. Duk wanda ya taɓa aikin tace tsohon rubutun hannu ya san wannan iyaka. In ka tarar mai kwafi ya tsallake layi ko ya maimaita kalma, gyarawa hidima ce ga marubuci. In kuwa ka tarar da baitin da bai yi maka daɗi ba ka sauya shi, ka zama marubuci na biyu, kuma amana ta wajabta ka faɗa. Babban facin Skyrim da masoya suka yi, wanda ya gyara dubban kurakurai, ya sha suka a kan wannan gaɓa, domin wani lokaci yakan taɓa abin da wasu ke ganin ba kuskure ba ne, kamar sauya irin ma'adinin da ake haƙa a wata mahaƙa. Ƙaramin abu ne, amma gardamar da ya tayar ta asali ce: wa ya san nufin mai ƙira?

Gardamar ta fi zafi a kan Paarthurnax. Wannan wani tsohon dodo ne mai fukafukai a Skyrim, wanda ya yi ta'asa a zamanin da, ya tuba, ya koma kan dutse yana koyar da kame kai, kuma ya taimake ka ƙwarai. Sai wata ƙungiyar mayaƙa da kake tare da ita ta ce ba za ta ƙara hulɗa da kai ba sai ka kashe shi saboda laifinsa na baya. Wasan bai ba ka bakin da za ka yi musu gardama ba. Ko ka kashe, ko ka bar aiken a rataye ka rasa taimakonsu. Wani mai kwaskwarima ya rubuta ƙari wanda ke ba ka damar tsawata musu, ka bar dodon da ransa, su kuma su ci gaba da yi maka biyayya. Jama'a da yawa suka sauke shi. To gyara ne ko gudun hukunci? Na daɗe ina juya tambayar. Ta wani gefe, tambayar ko tuba tana goge laifin da aka yi wa al'umma tambaya ce mai nauyi, kuma ƙarin ya mayar da ita mai arha, tunda ka sami dodo ka sami mayaƙa ba ka biya komai ba. Ta ɗaya gefen, marubutan ne suka fara yin kasala, domin sun ba ka matsayin wanda duniya ke sauraro, sannan suka ɗaure maka harshe a daidai inda ya fi kamata ka yi magana. Na fi karkata ga cewa a bar wa mutum damar ƙin kisan da bakinsa, amma a bar masa asarar mayaƙan.

Wani zai ce ai wasa ne na mutum ɗaya, da kuɗinsa ya saya, a ɗakinsa yake, wa ya cuta? Gaskiya ne, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ba ni da sandar da zan bi kowa da ita. Ba na kuma cikin masu ganin aikin fasaha abu ne da ba a taɓawa. Mu da muka gaji tahamisi, inda mawaƙi ke ɗaukar baitin wani ya ɗora masa ɗango uku nasa ya zama biyar, mun san cewa gini a kan aikin wani fasaha ce mai zaman kanta. Wani lauya ɗan Ostireliya, Nick Pearce, ya gina labari sukutum a cikin Skyrim a 2015 mai suna The Forgotten City, ya ci kyautar ƙungiyar marubutan ƙasarsu a 2016, daga baya ya mayar da shi wasa mai cin gashin kansa a 2021. Amma mai tahamisi yakan haddace asalin waƙar tukuna. Shi ya sa shawarar da nake bai wa duk wanda ya tambaye ni ita ce zagayen farko a yi shi da facin kurakurai kawai, a karɓi abin da ya zo, wanda ya mutu ya mutu. A zagaye na biyu a bi ɗaya hanyar, a ɗora duk abin da rai ke so. Kamfanin Larian na Beljiyam ya gane cewa mutum ɗaya na iya son duka biyun. A Baldur's Gate 3 ya ƙara wani salon wasa a ƙarshen 2023 mai ajiya ɗaya tak, ba komawa baya, sannan a watan Satumban 2024 ya raba kayan kwaskwarima a hukumance.

Wanda zai shiga harkar ya san tana da ƙa'idoji. Ƙarin da ke ɗauke da umarnin manhaja yakan bar saiwarsa cikin ajiyar wasa, don haka cire shi a tsakiyar tafiya na iya lalata ajiyar, kuma wanda aka ɗora bayan aike ya riga ya faɗi ba lallai ya tashe shi ba. Jerin da aka loda su yana da tasiri, domin in biyu suka taɓa abu ɗaya na ƙarshe ne ke rinjaye, shi ya sa ake amfani da manhajoji irin su Mod Organizer da LOOT. Wasan da ake haɗuwa da wasu ta intanet, kamar Elden Ring, shiga da fayilolin da aka taɓa na iya jawo a kore ka. Sannan a kula da inda ake saukewa. A watan Yunin 2023 an gano muguwar manhaja mai satar bayanai cikin wasu ƙarin wasan Minecraft a rumbun CurseForge, wanda sananne ne ba na bayan fage ba. Ɗalibin da babi huɗu na aikinsa ke cikin kwamfutar da yake gwaje-gwajen nan, ba shi kuma da kwafi a wani wuri, ya yi tunani.

Abin da ya rage mini shi ne batun gumi. Kamfanoni suna sayar da wasan da ba a gama ba, masoya su gama shi kyauta, wasan ya ƙara shekaru goma a kasuwa, riba ta tafi inda ta saba tafiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A watan Afrilun 2015 kamfanonin Valve da Bethesda suka gwada sayar da ƙarin Skyrim a kantin Steam, amma kashi 25 cikin ɗari kawai suka ware wa wanda ya yi aikin. Masu wasa suka yi ca, wasu don rabon ya yi zalunci, wasu kuwa, a faɗi gaskiya, don ba sa son biyan ko kwabo. Cikin kwana huɗu aka janye tsarin, masu kwaskwarima suka koma inda suke, ba kashi 25 ba komai. Bethesda ya dawo da sayarwar ta wata ƙofa a 2017, ya faɗaɗa ta a ƙarshen 2023, a ƙarƙashin sharuɗɗansa.

Kuma ko kyautar ba ta da tabbas, domin ƙasar da aka yi ginin a kanta ta kamfani ce. Da aka sabunta Skyrim a watan Nuwamban 2021 don bikin cikarsa shekara goma, ƙari masu yawa suka daina aiki sai da masu su suka sake zama. Wata tawagar masoya da ta yi shekaru tana gina birnin Landan cikin Fallout 4 ta sa ranar fitarwa a watan Afrilun 2024, sai kamfanin ya sabunta wasan a wannan watan, dole suka ɗage zuwa Yuli, kuma mai son buga aikinsu sai ya mayar da wasansa tsohon zubi. Waɗanda suka sayi Knights of the Old Republic II a na'urar Nintendo Switch a 2022 kuwa an yi musu alkawarin za a kawo musu sassan nan da masoya suka ɗinke. Na'urarsu ba ta ba su damar ɗorawa da kansu, sai suka zauna jira. A watan Yunin 2023 kamfanin Aspyr ya sanar da cewa ya fasa, ya ce kowa ya zaɓi wani wasan kyauta a madadin.